Takardar Da Ta Rage A Cikin Ƙwarya

Salama alaikum Admin, da 'yan uwa na wanga zaure manya da ƙanana. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Don Allah shawara nake roƙo, kuma da gaggawa, don abin da ke gabana bai wuce gobe da la'asar ba.

Bari in faɗa tun farko, ni Kirista ce, kada wani ya yi nisa da karatu ya ce an ruɗe shi. Na san mafi yawanku Musulmi ne, na kuma san wasu da sun ga haka za su ce in musulunta in huta. Na gode, amma ku ajiye wannan yau, ba muhawara ta kawo ni ba. Na zo nan ne don ba ni da wanda zan gaya wa a cikin namu, mu ba mu da yawa, in ka yi tari da safe kafin azahar kowa ya san kana mura.

A ƙasar Goronyo anka haife ni. Babana daga wajen Zuru ya zo tun lokacin aikin dam, aiki ya ƙare shi bai koma ba. Ni malamar firamare ce, mijina kuma, zan kira shi Ishaya, makanikin injin ban ruwa ne, duk masu albasa daga nan har Wurno sun san shi, wani lokaci har Rara ake zuwa ɗaukarshi da mashin. Mu masu sujada a garinmu har da yara ba mu cika talatin ba, kuma ba mu da coci irin wanda kuke gani a Sakkwato. Wani Alhaji manomi, tsohon abokin Baba, shi ya ba mu aron ɗakin da yake ajiyar albasa a bayan gidanshi, yau sama da shekara ashirin, har yanzu in damina ta yi sai ka ji warin albasa yana tasowa daga ƙasa. Sharaɗinshi tun ranar farko, ba lasifika, ba ganga, ba hayaniya, kuma a watse kafin kiran azahar. Baba ne dattijon da ke jagorantarmu, wani fasto ya zo daga Sakkwato ya ɗora mishi hannu tun ina goye, kuma bai taɓa karya sharaɗin nan ko sau ɗaya ba.

To bara da bazara, rana tsaka, Ishaya yana gyaran inji a wata fadama kusa da gulbi sai ya yanke jiki ya faɗi. Manoman wurin, Allah ya saka musu, su sunka zuba mishi ruwa sunka ɗauko shi zuwa asibiti. Anka ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki, anka yi mishi ƙarin ruwa leda biyu. Amma shi da ya farfaɗo abin da ya gaya min daban, ya ce ya ga wani haske da ya fi na rana, ya ji an kira sunanshi sau biyu, an ce ya tashi ya yi magana kada ya ji tsoro. Ni fa bakina ba ya shiru, na ce mishi mutumin da ya fita ko koko bai sha ba, ya yini kanshi a cikin hayaƙin fetur, ai ba haske ba har taurari zai gani. Bai yi dariya ba. Kuma gaskiya in faɗa, mutumin ya canza, ya bar taba, ya bar zafin rai, ya je ya nemi gafarar wani da sunka yi shekara huɗu ba sa gaisawa. Sai dai kuma ya fara cewa wai mun ɓoye fitila a ɗakin albasa, ya kamata mu fito, har ya sayo wata 'yar lasifika mai caji ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Nan rikici ya tashi tsakaninshi da Baba, kuma dukansu Littafi Mai Tsarki sunka ɗauka. Baba ya ce ba a kiran kai da kai, ko Manzo Bulus da ya ga haske a hanyar Dimashƙu sai da ya makance kwana uku, wani Hananiya ya zo ya ɗora mishi hannu, da ya je Urushalima ma sai da Barnaba ya kama hannunshi ya kai shi gaban manzanni, daga baya kuma ikilisiya ta ɗora mishi hannu ta aike shi. Ishaya ya ce a'a, a buɗe wasiƙar da Bulus ya rubuta da kanshi, a can ya ce manzancinshi ba daga mutum ba ne, bai nemi shawarar kowa ba, bai je Urushalima ba, Arabiya ya nufa, sai bayan shekara uku ya je ya ga Bitrus, kuma har ya taɓa tsawata wa Bitrus ɗin a gaban jama'a. Ni ce sakatariya, ni ce kuma nake karatun ranar Lahadi da Hausa, saboda haka ni ake miƙa wa littafin. Baba ya ce karanta nan, in karanta, ga shi kuwa a rubuce. Mijina ya ce karanta can, in karanta, shi ma ga shi a rubuce. Ubana a dama, mijina a hagu, ni a tsakiya riƙe da littafi ɗaya kamar mai raba faɗan awaki.

Abin ya dame ni har na zauna ni kaɗai wata Asabar na jera wuraren, na sa tsinken tsintsiya a kowane shafi. A nan ne kaina ya ƙara ɗaurewa. Labarin hasken nan sau uku ya zo, a wuri ɗaya abokan tafiyar Bulus sun ji murya ba su ga kowa ba, a wani wurin sun ga haske ba su ji muryar ba, a na ukun kuma ko sunan Hananiya babu, a kan hanyar anka ba shi aikin kai tsaye. Littafin tarihin manzanni bai ambaci Arabiya ba, shi kuma Bulus har rantsuwa ya yi cewa ba ƙarya yake ba. Shekara nawa ina karanta wuraren nan a gaban mutane ban taɓa haɗa su ba. Na kira faston da ke zuwa mana daga Sakkwato, mutumin kirki ne, ya ce min mutum biyu suna iya ba da labari ɗaya, wani ya gajarta wani ya tsawaita, kowa da abin da yake son mai sauraro ya kama, ba saɓani ba ne. Na ce na ji Fasto, har na ɗan samu sauƙi, amma a nan wa ke da gaskiya, Baba ko Ishaya? Ya ce mu yi ta addu'a, zai zo in hanya ta yi kyau. Kun dai san yadda hanyoyinmu suke yanzu, bai zo ba.

Wata Lahadi muryoyi sunka tashi sosai, har wani ɗan sanda da ke sujada da mu ya miƙe ya rufe taga. Ranar Juma'a Hajiya matar mai gidan ta aiko in zo. Matar nan ita ta yi min wankan jego na farko da uwata ba ta da rai, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Ta ba ni fura, ta jira na sha, sannan ta ce,

"Ɗiyata, Alhaji ya ji abin da anka yi, kuma ya ji zancen lasifika. Ya ce in hwaɗa miki, shi ba ya ƙin ku, amma ran da ya ji wagga aba ta yi kuka a gidanai zai sa kwaɗo. Ya ce gara ku ji haushinai kuna da rai."

Na gane abin da take nufi sarai. Shekara ashirin mutumin nan yana tare mana baki a majalisa ba tare da ya gaya mana ba. Na dawo gida na gaya wa Ishaya, ya ce Allah da ya kira shi ya fi kwaɗo. Na ce to ni da yara biyu fa, Allah ya kira mu mu ma? Ranar ko tuwo bai ci ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba.

Lahadin da ta biyo, wata tsohuwa a cikinmu, Inna Saratu, ta ce ita ta gaji, tunda littafi ya ba kowa nashi, a yi yadda manzanni sunka yi da sunka rasa wanda zai maye gurbin Yahuza, sun tsayar da mutum biyu, sun yi addu'a, sun jefa ƙuri'a ta faɗa kan Matiyas. Ta ce a bar Allah ya yi magana. Kowa ya ce haka ne, Baba ya yarda, Ishaya ya yarda da murnarshi, don shi ko shakka ba ya yi. Anka ce wanda ƙuri'a ta ba shi zai jagoranta, ɗayan ya bi ba musu. Sai anka ce wa zai rubuta sunayen, duk ɗakin sunka juyo gare ni, wai ɗiyar wannan ce matar wancan, ba wanda ya kai ni adalci. Na zauna a ɗan teburin gaba, na yago takarda biyu daga littafin rahoto, kowa ya sunkuyar da kai ana addu'a. Na rubuta sunan Baba a ta farko. Na ɗora biro a ta biyu, na tuna kwaɗo, na tuna yarana a hanyar makaranta, na sake rubuta sunan Baba.

Ba zan ce muku Shaiɗan ne ya riƙe hannuna ba, da hankalina na yi. Kuma in zan faɗi gaskiya duka, ba tsoro kaɗai ba ne, ni ban yarda an kira mijina ba, a raina rana ce ta buge shi, kuma ba na son in zama matar mai wa'azi a bakin kasuwa. Na naɗe takardun na zuba a ƙwarya na rufe da faifai, anka karkaɗa. Inna Saratu da idonta bai gani sosai ta sa hannu ta ɗauko ɗaya, ɗan sandan nan ya buɗe ya karanta sunan Baba. Ɗayar ba wanda ya tuna da ita, ana ta amin na zare ta na cusa a cikin Littafina Mai Tsarki.

Na ɗauka Ishaya zai yi fushi, ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure ya sauko, na san yadda zan yi da wannan. Wallahi da ya yi haka da na huta. Mutumin nan tashi ya yi ya durƙusa a gaban Baba, gwiwa biyu, a gaban kowa har yara, ya ce a yafe mishi, ya yi girman kai. Washegari ya ba wani ɗan kabu-kabu lasifikar kyauta. Ɗaki ya zauna lafiya, Alhaji bai sa kwaɗo ba, Hajiya har ta aiko min da manshanu. Abin da nake so ya samu.

Amma yau wata biyar ke nan ba ni da miji a gida, sai wani mutum mai kama da shi. Yana fita aiki ya dawo ya zauna a kan benci yana kallon bango. Mutumin da ke waƙa yana wanke hannu da fetur, yanzu ko addu'ar abinci sai ya ce babbar 'yarmu ta yi. Wandonshi sai da na rage mishi ƙugu. Ya daina karɓar aiki a fadamar da abin ya faru, ko nawa za a ba shi. Rannan yana gyara fitila ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, in ba Allah ne ya kira shi ba to muryar wa ya ji? Ya ce abu biyu ne, ko Shaiɗan ne ya san sunanshi, ko kuma kanshi ne ya fara taɓuwa, kuma bai san wanne ya fi ba. Na ji daga bakin mai kemis cewa ya je yana tambayar yadda ake ganin likitan ƙwaƙwalwa. Na ce mishi haba, ƙuri'a ai shugabanci ta raba, ba ta ce ba ka ji komai ba. Ya girgiza kai ya ce,

"Da wani ne ya rubuta takardun nan da na samu abin riƙewa, in ce an yi min maguɗi. Amma ke ce kika rubuta. Na gode wa Allah da ya sa ke ce, ya toshe min hanyar zargi."

Na tashi na shiga bayi na yi kuka na wanke fuska na fito na ci gaba da tankaɗe.

Shi kuma Baba, kada ku ɗauka mugu ne, tsoho ne mai hawan jini da ya ba da rayuwarshi ga ɗakin nan. Kusan kowace Lahadi sai ya ce Allah ya yi magana a tsakaninmu, yana faɗa idonshi na kawo ruwa, ni kuma ina zaune a gaba da littafin a cinyata. Da ya ga yadda surukinshi ya koma, da kanshi ya zo gidanmu ya ce ƙarfinshi ya ragu, yana son in fasto ya zo a ɗora wa Ishaya hannu ya zama mataimakinshi, a bi ta ƙofa yadda ya kamata. Na ji kamar an sauke min dutse, na ce shi ke nan Allah ya rufa min asiri. Ishaya ya ce a'a. Ya ce wanda Allah ya ƙi a gaban jama'a, hannun mutum ba zai gyara shi ba. Kun ga ko wagga hanya ni na toshe ta da hannuna.

Akwai kuma abin da na gani a karatuna da ban gaya wa kowa ba. Sharaɗin da manzanni sunka sa kafin ƙuri'ar nan shi ne sai wanda ya bi Yesu tun farko, Bulus bai cika shi ba, ko sunanshi ba a sa ba. Amma Matiyas da ƙuri'a ta ba, ban sake ganin sunanshi ba har ƙarshen littafin, Bulus kuwa ko'ina ka buɗe shi ne. Ni ba malamar tauhidi ba ce, ban san mi wannan ke nufi ba, wataƙila ba ya nufin komai. Amma duk ran da na tuna sai in ce to in da gaske an kira mijina fa? Ni wa ce da zan shiga tsakani da biro?

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, sati uku da sunka wuce Ishaya ya ce in ba shi takardar da ta rage a cikin ƙwarya, mai sunanshi. Ya ce ya san ni ba na zubar da takarda. Yana son ya manna ta a cikin murfin akwatin kayan aikinshi, duk ran da girman kai ya taso mishi ya buɗe ya ga sunan da Allah ya bari a ƙasa. Na ce tana makaranta a durowa. Da ya sake tambaya na ce makullin ofis yana hannun hedimasta. Da ya sake na ce na manta. Jiya ya dube ni, irin kallon da ya daɗe bai yi min ba, ya ce mi ke da wuya a takarda ɗaya? Na ce mishi ranar Alhamis, wato gobe, in ya dawo daga fadama zai same ta. Alhali tana nan a cikin littafina tun ranar, a daidai shafin Matiyas.

Na lissafa duk ƙofofin. In na gaya mishi gaskiya, ban san ko aurenmu zai kai Lahadi ba, mutumin da ya durƙusa a gaban yaranshi saboda ƙaryata. In ya yafe min ma, ba zai yi shiru ba, na san shi, zai ce a gaya wa jama'a, Baba ya ji cewa muryar Allah da yake kuka a kanta rubutun ɗiyarshi ne, da hawan jininshi. Sannan maganar fitowa fili ta dawo sabuwa, kwaɗon Alhaji kuma yana nan inda yake, abin da na ji tsoro ranar bai tafi ko'ina ba. In kuma na yi shiru, ina kallon mutum yana narkewa a kan benci, yana shirin kai kanshi asibitin ƙwaƙwalwa a kan abin da ni na aikata. Na yi tunanin in fara gaya wa fasto, amma sai dai ta waya, kuma wa'adin bai wuce gobe ba.

Ɗazu da na dawo daga makaranta na yago takarda daga littafin rahoton nan, na ɗauki biron nan dai, na rubuta Ishaya, na naɗe ta yadda na naɗe waɗancan, har na ɗan murza ta a tafin hannu don ta yi kamar ta kwana biyu. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba, kuma har abada ba zai gane ba. Zai karɓa ya ce na gode, ya manna ta, kullum ya buɗe akwati ya ga shaidar cewa Allah ya ƙi shi, da rubutun matarshi.

Yanzu haka da nake danna wayar nan duka biyun suna gabana a kan tabarma, ta gaskiyar mai sunan Baba, ta ƙaryar mai sunan mijina. Musulmi da Kirista, mata da maza, musamman ku maza da kunka san zuciyar namiji, ku zage ni in kuna so, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa. Gobe da la'asar zai jingine mashin, ya wanke hannu, ya miƙo min tafinshi. Wacce zan sa mishi a ciki?